Daga Kano zuwa Damagaram: abin da ke riƙe da dogo

Inna ce ta ɗaga ni wannan tafiya. Ta ce yayanta da ke Damagaram idonsa ya yi rauni, shekara huɗu ba wanda ya taka daga gidanmu ya gano shi, in ajiye walda ta kwana uku in je. Na rufe shago ranar Talata da yamma. Laraba bayan asuba ina tasha, riƙe da ƙullin goro da yadi biyar na shadda da ta ce in kai masa.

Mota ba ta cika ba sai wajen ƙarfe bakwai. Muka bi ta Dambatta muka nufi Kazaure, daga nan kuma idona bai bar taga ba, saboda aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. An ɗaga tudun jar ƙasa ya miƙe ɗoɗar, yana ɓacewa bayan gonaki yana sake fitowa. A wani wuri na hango tulin matasan kankare, wato abubuwan nan da ake jerawa a gicciye a ɗora ƙarfen dogo a kansu. Kowane ɗaya ya fi mutum tsawo in ya kwanta, kuma kusa da kowane kai akwai wasu ƴan kunnuwan ƙarfe da suka leƙo daga cikin simintin. Wani ɗan kasuwa da ke gefena, mutumin Matamaye, ya ce jirgi zai zo ya wuce Maraɗi ya bar su da manyan motoci kamar kullum. Ba wanda ya tanka masa.

Daura, Mai'aduwa, Kwangwalam. Muka tsallaka Ɗan Barto, aka duba takardu, na canji naira zuwa sefa, muka sake mota. Matamaye da Kance suka wuce cikin gyangyaɗi. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi muka juya gabas, kafin la'asar sai ga manyan duwatsun nan masu sulɓi da ke gaya wa baƙo ya iso Damagaram. Ɗan kabu-kabu ya ratsa da ni Birni, muka gifta ƙofar fada, ya sauke ni a bakin lungun su Kawu.

Na same shi a zaure kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya lalubo kaina ya shafa.

"Ɗan Kano, sai yau? Ina uwarka, ina gajiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Tana gaishe ku da kyau."

Bayan isha, mun gama da tuwon gero da miyar kuka, nake ba shi labarin hanya, har na zo kan matasan da na gani. Nan take ya gyara zama.

"Da me za su ɗaure ƙarfen a kansu?"

Na ce ban lura ba. Ya ce, "Kai da ƙarfe ne abincinka?" Sai ya kira jikansa, wani saurayi da ke karatu a jami'ar garin, ya ce ya ɗauko masa gwangwanin da ke ƙarƙashin gado.

Na san Kawu ya yi aikin reluwe, amma ban taɓa tambayarsa wane iri ba, kuma wannan sakacina ne. Cirani ya kai shi Kano yana saurayi, aka ɗauke shi lebura a layin Kano zuwa Nguru, wanda aka gama shimfiɗawa a 1930, mai bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Ya kai har heluma kafin ya dawo gida. Garin da ya dawo kuwa bai taɓa jin kukan jirgi ba. Damagaram ta riƙe hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, ta yi noman gyaɗar da raƙuma da manyan motoci suka riƙa kaiwa bakin dogo a Kano, inda layi ya iso tun 1911, amma ko taku ɗaya na ƙarfen bai shigo ƙasarta ba.

A cikin gwangwanin akwai abu uku, duk tsofaffin da aka cire aka yar. Na farko wata katuwar ƙusa ce mai kusurwa huɗu, kanta ya karkata gefe guda kamar ƙugiya. Ita ake bugawa cikin matashin katako, kan nan nata ya danne gefen ƙafar dogo. Kawu ya ce aibinta biyu. Duk wucewar jirgi ƙarfe yana lotsawa ya ɗago, yana lotsawa ya ɗago, a hankali yana zaro ta, ramin yana faɗi, har ta kai ka cire ta da hannu. Sai a toshe ramin da ƙaramin itace a sake bugawa. Na biyu kuma gara, wadda ba ta barin katako a ƙasarmu. Shi ya sa yawancin inda ya yi aiki matasan na ƙarfe ne, kamar kwami a kife, an lanƙwasa bakinsu ƙasa don su ciji tsakuwa.

Abu na biyu wani ɗan guntun ƙarfe ne mai huda a tsakiya, na uku kuma notinsa. Ya ɗora su a tafina ya nuna mini yadda guntun ke hawa gefen ƙafar dogo, notin ya ratsa shi ya kama matashin, a ɗaure da doguwar sifana. Biyu a kowane ƙarfe, ciki da waje, huɗu ke nan a matashi ɗaya. Na kai notin kusa da fitila. Wuyansa ya side, ya yi ƙugu kamar turmi. Ba tsatsa ce ta ci shi ba, girgiza ce. Ya ce noti in ya yi sako-sako ko da kaɗan ne, shi da kansa yake cin kansa.

A nan na yi tambayar da duk mai sana'ata zai yi.

"Kawu, me ya hana a walde ƙarfen da matashin kawai a huta?"

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, dogo yana numfashi." Ya ce jirgi na danna shi ƙasa, a kwana yana tura shi waje, in ya ja birki yana jan sa gaba, rana kuma tana miƙa shi, sanyin dare ya tsuke shi. Walda ba ta san sassauci ba, za ta tsage. Ranar da ƙarfe ya cinye kuma ana son a ɗaga shi a sa wani kafin jirgin gaba ya iso. Abin da ake nema ɗauri ne mai riƙewa gam amma ya bar wa ƙarfe ɗan motsinsa. Shekara goma sha bakwai ina haɗa ƙofofi da tankuna, na san yadda zafi ke murɗa faranti, amma ban taɓa tunanin ɗauri ta wannan fuskar ba.

Jikan ya ɗauko biro muka yi lissafi a bayan kwalin shayi. Ƙarfen dogo mai mita 12, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yana ƙara tsawon milimita biyar da rabi. A kilomita guda abin ya kusa rabin mita. Don haka a tsohon layi ake barin ɗan gibi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a haɗa su da faranti biyu da noti huɗu, hudojin kuma a yi su da ɗan yalwa. Wannan gibin ne ke ba da ƙarar da fasinja ke ji a ƙarƙashin tarago. Kawu ya ce sukan kwance farantan su shafa musu baƙin mai, don in suka ƙafe da tsatsa ƙarfe ba shi da inda zai miƙe, sai ya turo gefe. Ya taɓa gani da idonsa a wata bazara: layin da suka bari sambal da safe, da azahar ya karkace kamar maciji a kan rairayi. Ya tura yaro da jar tuta ya ruga ya tare jirgi, su kuma suka jira rana ta yi sanyi kafin su mayar da shi da sandunan ƙarfe.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne tafiyar safe. Kullum akwai mutum guda da ke bin rabonsa na layi a ƙasa, da guduma a kafaɗa da sifana a hannu, ya tafi ta gefen ƙarfe ɗaya ya dawo ta ɗayan. Yana tafe yana ƙwanƙwasawa. Noti mai lafiya amonsa a tsuke yake, wanda ya saki kuwa sai ya amsa kamar fasasshiyar ƙwarya. Tsakanin ƙarafan biyu ƙafa uku ne da inci shida, wato milimita 1,067, kuma akwai sandar awo da ake gwadawa. Tayar jirgi ɗan leɓe ne kawai gare ta ta ciki. In ɗauri ya saki ƙarafan suka buɗe, taya ta faɗa tsakani, shi ke nan.

Washegari Alhamis ce, ranar kasuwar Dole. Kawu ya ce in riƙe masa hannu mu je wajen wani maƙeri abokinsa. Ashe uwar maƙerarsa guntun dogo ce, bai fi kamu biyu ba, ya gaje ta daga mahaifinsa, wanda ya sayo ta a Kano. Samanta ya yi sheƙi saboda duka. Kawu ya tsuguna ya bi ta da yatsa: ga kai inda taya ke hawa, ga siririn wuya, ga faffaɗar ƙafa, nan ne duk ɗauri ke kamawa. Maƙerin yana cewa bulon da kile, Kawu yana cewa noti da sifana, kowa ya fahimci ɗan'uwansa. Na tsaya ina kallonsu ina tuna cewa a garin nan ne maƙera suka zuba wa Sarki Tanimun igwa fiye da shekara ɗari da arba'in da suka wuce. Hannun da ya san ƙarfe ba baƙo ba ne a Damagaram, aikin da zai nuna shi ne bai zo ba.

Da dare jikan ya nemo bayanin ɗaurin zamani a wayarsa, yana karantawa da Faransanci yana mayar mana da Hausa. Yanzu ana walde ƙarafan baki da baki su zama dogon zare ba gibi, a ɗora su kan matasan kankare masu nauyi, a sa ƴar shimfiɗar roba a tsakani. A maimakon ƙusa sai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsalle, a tura shi cikin kunnen da ke jikin matashin, ya danne ƙafar dogo da ƙarfin da ya kai kusan tan guda. Ƙarfe ya lotsa ya bi shi, ya ɗago ya bi shi, ba ya saki. Wani injiniya ɗan ƙasar Norwe, Per Pande-Rolfsen, shi ya ƙirƙiro irinsa a 1957, daga sunansa aka samo Pandrol, sunan da ake kiran wannan ɗaurin da shi. Akwai kuma irin Faransa da irin Jamus masu haɗawa da noti. Tazarar matashi da matashi wajen santimita 60 ce, don haka kilomita guda na cin fiye da 1,600, ɗauri kuma fiye da 6,600.

Kawu ya ce a nuna masa. Jikan ya miƙa wayar, sai muka tuna idon ba ya gani. Na tashi na samo guntuwar wayar shanya, na lanƙwasa ta da filaya daidai da hoton, na sa masa a hannu. Ya daɗe yana juya ta, yana danna bakinta da babban yatsa yana saki.

"Wanda ya yi wannan ya taɓa bin layi da guduma," in ji shi. "Ya san ciwon."

Sai ya tambaya ko ana iya fitar da shi da duka ɗaya. Na ce wasu ana iyawa. Ya girgiza kai, ya ce to a kula da masu sayen tsohon ƙarfe, don ko a zamaninsu sukan wayi gari su tarar an kwance noti.

Jikan ne ya kawo zancen layin Yamai zuwa Doso, mai faɗin mita guda, wajen kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗewa a farkon 2016 amma bai yi jigila ba. Ya ce duk sanda ya je Yamai yana ganinsa daga tagar bas, wani wuri rairayi ya rufe, wani wuri ciyawa. Abin ya dami Kawu ƙwarai. Ya ce da kuɗin talakawa ko na wani, ƙarfe ne aka shimfiɗa a rana aka bar shi ba mai ƙwanƙwasa shi. Ni ma ya dame ni, don sabon layin da zai shigo Maraɗi mai milimita 1,435 ne, zai buƙaci samarin da za su bi shi a ƙasa kowace safiya, ga kuma mai wannan sani zaune a zauren Birni ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi.

Asabar da sassafe na yi sallama. Ya ba ni kilishi in kai wa Inna, ni kuma ya damƙa mini sidadden notin nan, ya riƙe ƴar wayar da na lanƙwasa. A hanyar dawowa na zauna gefen taga. Da muka zo wajen tulin matasan na roƙi direba ya ɗan sassauta, na ƙirga kunnuwan da ke jikin na sama. Da na isa gida na kira jikan ya ba Kawu waya.

"Huɗu ne, Kawu. Biyu a kowane kai."

"Madalla. Robar fa, ka gan ta?"

"Ban gan ta ba, muna cikin mota."

"To ranar da ba ka da aiki ka koma ka sauka, ka duba mini."