Fiffiken MiG-17 da ya sa na sake yanka ƙarfe

Aikin walda nake yi a Kano. Wata makaranta ce ta ba ni aikin ƙera siffar jirgin yaƙi da za a kafa a harabarta, kuma shugaban makarantar ya ce MiG-17 yake so, domin yana cikin jiragen jet na farko da sojan saman Najeriya suka mallaka, waɗanda Tarayyar Sobiyet ta sauke a filin jirgin saman Kano a watan Agustan 1967, yaƙin basasa bai daɗe da farawa ba. Gangar jiki da wutsiya ba su ba ni wahala ba. Fiffike ne ya ci mini kuɗi, har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Hoton da na samo a intanet an rubuta MiG-17 a ƙarƙashinsa ɓaro-ɓaro. Da shi na auna, na yanka, na liƙa. Saura fenti kawai wani dattijo, tsohon sojan sama, ya tsaya a bakin shago ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wane jirgi ne wannan?"

"MiG-17 ne, Baba."

"A'a. Ƙirga shingayen da ke kan fiffiken."

Shingayen nan siraran farantan ƙarfe ne da ke tsaye a kan fiffike daga gaba zuwa baya, nawa kuwa biyu ne a kowane ɓangare. Ya ce na MiG-17 uku ne, wannan kuwa yayansa ne, MiG-15. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa: fiffiken MiG-15 ya karkata baya da digiri 35, na MiG-17 ya kai 45 daga gindi, jikinsa ya fi tsawo, kuma akwai ɗan ƙaramin fiffike a ƙarƙashin wutsiyarsa. Ba don ado aka canza ba. MiG-15, wanda ya kara da F-86 na Amurka a yaƙin Koriya, yakan ƙwace wa matuƙi in ya kusanci saurin sauti, shi ya sa aka sake masa fiffike.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba zan ma iya sauya sunan a jikin allo in huta ba. MiG-15 da Najeriya ta samu na horar da matuƙa ne, mai kujera biyu, wanda ake kira UTI. Nawa kujera ɗaya ce. Ga kuɗin ƙarfe da na wuta sun tafi, ga alkawarin ranar kai aiki.

Baba ya zauna har la'asar yana ba ni labarin L-29 Delfin na Cekoslobakiya, jirgin koyo da aka ɗaura wa rokoki ya shiga fagen daga, da matuƙan Masar da suka tuƙa MiG ɗin da farko, da yadda rashin rada a jikin MiG ɗin ya sa jiragen agaji suka riƙa sauka da dare a Uli, filin saukar jirage na ɓangaren Biyafara.

Na yanke fukafukan biyu, na ƙara tsawon jiki, na sake walda daga aljihuna. Duk abokin sana'ar da aka ba irin wannan aiki, kada ya yarda da rubutun ƙarƙashin hoto. Ya nemi zanen jirgin ta sama da ta gefe, ya ƙirga shingaye, ya kuma kira wanda ya taɓa aiki da jirgin ya duba tun ƙarfe yana kwance ba a yanka ba. Da muka kafa shi a makarantar, Baba ya zo ya zagaya shi ya ce yanzu ne ya zama MiG-17.