Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Binciken da Ya Mayar da Ni Agege

A makon jiya na tsaya a inda muka shiga ajin ƙarshe a tsangayar ilimi ta Jami'ar Legas da ke Akoka, aka ce kowa ya kawo batun binciken kammala karatunsa. Yawancin 'yan ajinmu fasahar koyarwa suka zaɓa, domin ba a daɗe da ƙaddamar da shirin EKOEXCEL ba, wanda gwamnatin jihar ta fara a 2019, ta raba wa malaman firamare na'urar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana. Ni kuwa hankalina yana Agege, wajen ƙannenmu 'ya'yan Hausawa da ake yi wa kallon marasa kan karatu.

Malamar da ke duba aikina dattijuwa ce Bayarabiya. Da na gama bayani, sai ta tambaye ni ko na san aikin Farfesa Babs Fafunwa, masanin ilimin da ya jagoranci gwajin koyar da yara da harshen uwa. A bakinta na fara jin cewa a 1970 Jami'ar Ife ta gwada koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci har shekara 6, Turanci kuma aka bar shi darasi guda cikin darussa, kuma yaran ba su zama koma-baya ba ko a Turancin. Ta ce, “Je ki duba naku yaran, ki faɗa mini da wane harshe suke tunani.”

Makarantar da na zaɓa tana da laburare, amma ba na mantawa da yadda na same shi: kwalaye a ofishin shugaba, a kulle, ƙura ta rufe su. Ban ga laifin bawan Allahn sosai ba, don idan littafi ya ɓace shi za a tuhuma. Sai dai raina ya sosu. Littattafai sababbi fil, ga yara a waje da ba su taɓa rungumar littafin labari ba, kuma ko ɗaya babu na Hausa.

Yaron Agege da Hausa yake tashi, ya yi wasa da Yarbanci a layi, ya yi ciniki da buroka a kasuwa, ya shiga aji a ce sai Turanci, da yamma kuma ga allo. Harshe biyar a kan yaron da bai kai shekara 10 ba, sannan a auna shi da ɗaya kawai!

Akwai wani yaro da ya kasa karanta mini ko layi guda na littafin ajinsu. Na kai wa Kawu, mai makarantar allon unguwarmu, labarin da damuwa. Ya yi murmushi ya ce, “'Yata, wane ne ya ce miki bai iya karatu ba? Kira mini shi.” Ya ɗauki tawada ya rubuta jimlar Hausa da ajami. Yaron ya karance ta tas, har yana dariyar abin da ta ƙunsa.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ashe da ma ya iya.”

“Ya san baƙi da wasali tun tuni. Ku ne ba ku tambaye shi ba.”

Daren nan na zauna na rubuta gajerun labarai da Hausar boko, na buga su a shagon kwamfuta na kusa da tashar jirgin ƙasa, na mayar da su ma'aunina na biyu na karatun yaran, bayan littafin ajinsu. Da yake Hausa kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, yaran da suka saba haɗa baƙi da wasali ba su daɗe ba suka kama. Wasu har gida suke tafiya da takardun su karanta wa iyayensu mata.

Sauran aiki shi ne shawo kan shugaban makarantar ya buɗe kwalayen nan. Yadda muka kwashe da shi, da rawar da matan unguwa suka taka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.