Kada ka ja da baya a tsakiyar titin Alƙahira

Ƙannena 'yan Garwa da Marwa da ke shirin tafiya karatu Masar, saƙonninku suna iso ni. Wannan ya tambayi biza, wancan masauki, wani kuma ko ana samun gero a can. Har yau ba wanda ya tambaye ni yadda ake tsallaka titi. Ni ma ban tambayi kowa ba da zan tafi, shi ya sa duk lokacin da sanyi ya sauko idon sawuna na hagu yake tuna mini.

A unguwar Hausare ta Garwa na tashi, cikin 'yan kilando, masu babur ɗin haya. Babur abu ne mai sauƙin kai: ka faɗo titi da gudu, mai shi ya karkace, ya zage ka da Fillanci, kowa ya kama gabansa. Da wannan ilimin na sauka a birnin da shi da kewayensa suka haura mutum miliyan 20, inda za ka ga an zana layi uku a kwalta amma motoci biyar sun jeru kafaɗa da kafaɗa.

Wata na biyu da zuwa, na makara zuwa darasi a unguwar Darrasa. Titin Salah Salim ne a gabana, akwai gadar masu ƙafa can gaba kaɗan, ina hango ta, ƙyuya ta hana ni. Na tsallake layi biyu lafiya. Sai ga wata farar ƙaramar bas, irin wadda suke kira mikrobas, ta taho kamar an harbo ta. Gabana ya faɗi, na yi taku biyu da baya. Daidai inda na koma, nan direban ya nufa. Ban ji zafi nan take ba, takalmina kawai na hango can gefe, littattafaina a watse, mutane sun yanyame ni. Mako shida ƙafar tana ɗaure, jarrabawar zangon ta wuce ni ina kwance.

Wani dattijo mai sayar da shayi da ya taimaka aka ɗaga ni bai ce mini sannu ba sai da ya fara tambaya: "Ɗana, me ya sa ka koma?" Haushinsa na ji a lokacin. Ina kwance ne maganar ta zauna mini. Direban Alƙahira ba ya shirin tsaya maka, lissafa ka yake yi. Tun daga nesa ya ga saurin tafiyarka, ya yanke cewa kafin ya iso ka wuce, don haka ta bayanka zai bi. Muddin ka ci gaba da takunka yadda ka faro, lissafinsa ya fita. Ka ruga, ko ka tsaya cak, ko ka koma baya, ka ɓata masa lissafi, kuma a jikinka za a gyara.

To in akwai gada, hau gada, ko da za ta ƙara maka minti goma. A wurare irin dandalin Tahrir, shiga ta ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ka ɓullo ta ɗaya ɓangaren. In ba ko ɗaya, nemi ɗan gari da zai tsallaka, tsohuwa mai ɗauke da kaya ta fi, ka tsaya ta gefen da motoci za su riske ta kafin kai, ka daidaita ƙafarka da tata. Ba abin kunya ba ne, na yi shekara ina bin tsofaffi. Da dare ka ƙara kula, don wasu ba sa kunna fitila sai sun ga dama, kuma in direba ya walƙa maka fitila ba cewa yake ka wuce ba, cewa yake ga shi nan tafe. Ham kuwa a can hira ce, kada kowace ƙara ta firgita ka.

Kuskurena na biyu lokaci ne. A Garwa in an ce ƙarfe tara, tara saura kwata ka hau babur ka isa. Da na koma zama unguwar Hayyul Ashir a Alƙahira na ci gaba da wannan lissafi, kullum a makare, kuma makara ce ke sa mutum ya yi wa titi ganganci. Sai da na koyi fita da awa guda a hannu, na kuma riƙe jirgin ƙarƙashin ƙasa duk inda ya kai.  Ku 'yan mata akwai taragunku daban. Ku samari ku duba kafin ku faɗa, ni na taɓa faɗawa, kallon da na sha ya ishe ni. A mikrobas kuɗin mota hannu da hannu ake miƙawa har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. In za ka sauka ka ce "ala gamb ya usɗa" da ƙarfi, in ka yi kunya sai ka tsinci kanka a wata unguwa. Da azumi kuma, awa ɗaya kafin shan ruwa, zauna inda kake.

Na ukun shi ne na fi jin kunyar faɗa. Bayan ƙafata ta warke, wani yaro mai tuktuk, Keken nan mai ƙafa uku, ya goge ni a lungu ya yaga mini riga. Duk haushin Salah Salim na sauke a kansa, na ci kwalarsa. Nan da nan aka taru, wannan na cewa "ma'alesh", wato in yi haƙuri, wancan na cewa in yi salati ga Annabi. Ni da gaskiyata, na ƙi saki. Wani ɗan Chadi da ya girme mu a karatu ya ratso taron ya raɗa mini a kunne: "Ina iƙamarka?" Iƙamar, wato takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa, ko takardar shaida ba na ɗauke da ita. Da 'yan sanda sun zo, ba rigar za a fara tambaya ba. Na saki yaron, na yi salatin, na tafi gida da yagaggiyar riga. Tun ranar ban sake fita ba sai da kwafin fasfo da na iƙama a aljihu.

Da na dawo hutu, na je tsallaka titin babbar kasuwar Garwa, na ɗaga hannu na shiga da takun Alƙahira, a natse, ba waige. Wani ɗan kilando ya ci birki har buhun da ya ɗauko ya zame, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"