Suna Biyu, Ƙamus Ɗaya

A makon jiya na tsaya a bayan wani matashi da nake koya wa Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, sai na ga ya rubuta `sabo = tsoho`, ya ci gaba da sauya farashin kaya a cikin `sabo` hankalinsa kwance. Na ce masa, "Ɗana, dakata, me kake zaton wannan layin ya yi?" Ya ce, "Malam, ai kwafi na yi." Gabana ya faɗi, domin wannan zaton ne ya taɓa jawo mini abin da har yau nake jin kunyarsa.

Shekarun baya na rubuta wa wani mai shagon magani manhajar da za ta kula da rassansa uku. Na ajiye farashi a ƙamus, wato ma'ajin nan da kowane mabuɗi ke riƙe da ƙimarsa, sunan magani shi ne mabuɗi, kuɗinsa kuma ƙima. Kowane reshe yana buƙatar nasa farashin, sai na yi daidai abin da yaron nan ya yi. Alamar daidai a Python ba ta kwafe komai, suna na biyu kawai take raɗa wa abu guda. Ranar da wani reshe ya rage kuɗin maganin zazzaɓi, farashin ya sauka a dukkan rassan, aka kwana huɗu ana sayarwa a kan asara kafin mai shago ya kira ni da dare, muryarsa na rawa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba laifina ba ne kaɗai, tun da babu wanda ya koya mini, kuɗin intanet ya fi ƙarfina a lokacin, ga shi kuma mai aikin yana matsa mini lamba. Duk wannan gaskiya ne. Amma da na rubuta `sabo is tsoho` sau ɗaya tak, da kwamfuta ta faɗa mini cewa abu ɗaya ne, kuma ban rubuta ba saboda ina ganin na iya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sake faɗawa ramin. Na gyara da `copy`, na ɗauka magana ta ƙare, alhali `copy` ƙamus na waje kaɗai yake sabuntawa. Da na mayar da ƙimar kowane magani jeri mai ɗauke da kwanakin ƙarewar wa'adi, jerin nan ɗaya ne rassan uku suke nunawa. Wani reshe ya cire kayan da suka lalace daga lissafinsa, sai suka ɓace daga lissafin sauran, alhali suna nan a kan kanta.

Na yi niyyar zayyana muku shawarwari masu yawa, amma kaɗan ne suka cancanci faɗa. Idan akwai jeri ko wani ƙamus a cikin ƙimominku, ku yi amfani da `deepcopy`, wanda yake bin kowane mataki ya kwafe shi daban. Sai dai kada ku riƙa watsa shi ko'ina, domin yana cin lokaci da ƙwaƙwalwar na'ura, kuma sau da yawa wanda bai san abin da ke cikin ƙamus ɗinsa ba ne yake fakewa da shi. Ku kuma ji tsoron `update`, da alamar `|` da ta shigo a Python 3.9, waɗanda ake haɗa ƙamus biyu da su, domin idan mabuɗi ɗaya ya bayyana a ɓangarorin biyu, ƙimar na biyu tana danne ta farko ba tare da gargaɗi ba. 

Matasan yanzu kuwa komai yana hannunsu, amma haƙurin gwada layi biyu ya gagare su. Ina cikin wannan bayanin yaron ya jawo wayarsa zai tambayi intanet. Na ce ya ajiye ta, ya sauya farashi ɗaya a `sabo`, sannan ya buga `tsoho` mu gani da idonmu. Ya buga, ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba.