Na ɗaga Hilux, ta koma rawa a kan kwalta

Har yau rak ɗin sitiyarin nan, wato ƙarfen da yake juya tayoyin gaba in ka murɗa sitiyari, yana jingine a bayan ƙofar sito, kusa da buhunan taki. Lafiyarsa ƙalau. Da kuɗina aka kwance shi daga motar, da kuɗina aka ɗaura wani a gurbinsa, alhali bai yi laifin komai ba. Uwargida ta sha cewa in ba 'yan gwangwan ko ma samu wuri, na ƙi. Duk ranar da na shiga sito na gan shi sai na ji abin ya dawo mini sabo.

Gonata tana gaba da Pambeguwa. In ka sauka daga kwalta akwai kusan kilomita 11 na hanyar da damina ba ta raga mata. Daga Agusta tarakta da tifofi sun gama haƙe ta, sawu biyu masu zurfi da tudu a tsakiya, kuma a kan tudun nan cikin motata yake zama. Hilux ce ƙirar 2012, mai injin fetur 2.7, mai fowil. Sau biyu a damina ɗaya matasan ƙauye suna turo ni, na biyun har da dariya. A hanyar dawowa na yanke shawara sai na ɗaga ta.

Inci biyu nake so. Na je Tsohuwar Panteka wurin mai injin feƙe ƙarfe, na ce ya yi mini zobba biyu masu kaurin inci biyu, waɗanda za a ɗora a saman shokozoba na gaba. Mutumin ya yi aikinsa tsaf, abin da na faɗa shi ya yi. Ni ne ban san cewa a ƙafar gaban Hilux irin wannan, shokozoba ba a bakin taya yake zaune ba. A tsakiyar hannun ƙasa yake, wato ƙarfen da ya riƙe taya ta ƙasa, tsakanin shasi da taya. Kamar ƙofa ce: tura ta kaɗan daga kusa da hinjis, ka ga nisan da bakinta zai yi. Zoben inci biyu ya ɗaga gaban motar inci uku da wani abu. Da na ga ta yi tsayi haka a garejin ma murna na yi. A baya aka sa bulo na ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, aka canza tayoyi daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 masu ɗan ƙarin tsayi, aka kai ta alaimen, wato saitin tayoyi. Na ɗauki hoto na tura wa abokai.

A cikin gari, daga Malali zuwa Kawo, ba ka jin komai sai ɗan tauri. Ranar da na hau hanyar Zariya na wuce Rigachikun na taka ta kai 90, nan na san na jawo wa kaina. Sitiyari ya yi sakayau kamar babu taya a ƙasa. Motar ba ta tafiya a miƙe, sai ka yi ta gyara ta, dama kaɗan, hagu kaɗan, kuma kullum hagu take son zamewa. In ka sha kwana sitiyari ba ya dawowa da kansa, sai ka dawo da shi da hannu. A Maraban Jos wata tirela ta wuce ni, iskarta ta kusa mayar da ni ɗaya hannun. Yaron gonata da ke gefe bai ce uffan ba, na dai ga ya riƙe hannun ƙofa yana motsa baki. Da muka sauka hanyar gona kuma, duk ramin da taya ta faɗa sai ka ji ƙum daga gaba, kamar an buga guduma.

Daga nan aka bar jaki ana dukan taiki. Bakanikena, wanda shekara da shekaru muke tare, ya girgiza taya ya ce tayarod, sandar da ta haɗa rak da taya. Aka canza. Shiru. Ya ce boljoyin, gaɓar da taya take juyawa a kanta. Aka canza na ƙasa. Ya ce ai shokozoban sun gaji, na sayo sababbi a Oriakpata. Bayan kowane canji sai a koma wurin mai alaimen ya ɗaura zarensa, ya juya tayarod, ya ce an gama. Motar tana nan yadda take. Ranar da ya ce, "Alhaji, babu abin da ya rage sai rak," ban ko yi gardama ba. Na gaji, kuma ga girbi ya matso. Kuɗin da na zuba a rak ɗin nan da aikin ɗaurinsa da ya saya mini takin wani babban yanki na gonar. Na karɓi mota da la'asar, na bi titin Nnamdi Azikiwe don in gwada, ban kai Mando ba na gane kuɗina sun tafi a banza. Na faka a gefen titi na daɗe ban kashe injin ba.

Ban ɗora wa bakanikena laifin duka ba. Mota a tsayinta na kamfani ya sani, kuma a irin wannan mota in sitiyari yana yawo, tayarod ne ko boljoyin ko rak. Ni ne ban tsaya na yi wa kaina tambayar da yaro ma zai yi ba: motar da take lafiya ranar Litinin, aka ɗaga ta ranar Talata, ta lalace ranar Laraba, yaya za a yi a ce rak ne ya mutu a daren? Abin da na canza shi ya kamata in fara tuhuma. Amma zobban nan ni na zana su, ni na yi alfahari da su, zuciyata ba ta son a ce su ne.

Wani abokina mai harkar citta a Kaciya, wanda motocinsa kullum suna daji, shi ya tura ni wurin wani dattijo a wajen Kakuri da ya daɗe yana gyaran ƙafar motocin 'yan kwangila. Baba bai taɓa sitiyari ba. Ya fara da awon iskar taya: 55. Mai faci ya ga taya babba ya ɗura mata iska kamar ta tifa. Ya sauke zuwa 32. Ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar rim zuwa bakin fenda, ƙafa huɗu, ya rubuta a jikin kwali. Ya tambaye ni nawa awon yake kafin a ɗaga. Na ce ban auna ba. Ya dube ni ta saman tabarau bai ce komai ba, wanda da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai ya sa jak ya ɗaga gaban har tayoyin suka rataya, ya haska fitila ya ce, "Zo ka gani da idonka, Alhaji." A jikin sifirin, daidai inda hannun sama yake wucewa, fenti ya goge, ƙarfe yana ƙyalli. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, hannun sama yana saukowa ya daki sifirin. Ƙum ɗin da nake ji ke nan. Boljoyin na sama ya karkace har ƙarshen iyakarsa, robarsa ta tsage. Robar dirabin shaf ta hagu, wato shaf ɗin da yake kai ƙarfin injin zuwa tayar gaba, ta fara zubar da giris saboda shaf ɗin ya yi goho fiye da kima. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura kafin a gani. Wata biyu ina sayen kaya, babu wanda ya haska fitila a wurin, har da ni.

Yawon sitiyarin kuwa, ya ce sai an hau kwamfuta, kuma a buga masa takarda. Muka je tare. A nan na fara jin kalmar kasta da kunnen basira. Baba ya nuna mini wani babur da ke fake, ya ce in dubi ƙafar gabansa: ba a tsaye take cak ba, ta kwanta baya, taya ta yi gaba. Kwanciyar nan ce take sa babur ya miƙe da kansa ko ka saki hannu. Mota ma haka, layin da ya tashi daga boljoyin na ƙasa zuwa na sama ya ɗan kwanta baya. In ka ɗaga irin wannan ƙafa, hannuwan suna sunkuyawa ƙasa, kwanciyar nan ta ragu. Takarda ta fito: hagu digiri 0.2, dama 0.9. Ya ce shi kusan digiri 2 yake so ya gani. Kusan babu kasta ke nan, shi ya sa sitiyari ba ya dawowa. Kuma mota tana ja ne zuwa ɓangaren da kastansa ya fi ƙanƙanta, ga hagun da take ta zamewa.

Zaren mai alaimen ba ya ganin wannan. Zare yana gaya maka ko bakin tayoyin ya tsuke ko ya buɗe, shi ke nan. Sau huɗu na biya kuɗin alaimen, sau huɗu abu ɗaya ake gyarawa cikin uku: tsukewar tayoyi, tsayuwarsu da kasta. In da a karon farko na nemi takardar nan, da rak ɗina yana cikin motarsa.

Gyaran kasta a Hilux yana jikin kusoshi biyu da suka riƙe hannun ƙasa da shasi, masu wasa, wato faifan ƙarfen da ake sa wa kusa, mai gefe ɗaya da faɗi, waɗanda in ka juya su hannun yake matsawa ciki ko waje. Yaran suka sa sifana, ko motsi. Laka da ruwan shekaru sun sa kusoshin sun yi tsatsa sun manne da ƙarfen cikin bushin. In ka matsa da ƙarfi robar bushin ce take murɗewa, ka saki ta koma inda take. Uku daga cikin huɗu sai da aka yanke su. Wannan ya ci yini guda, da sababbin bushin da sababbin kusoshi, waɗanda Baba ya shafe da giris kafin a zura. Ya kuma hana a ɗaure su tam motar tana kan jak. Sai da aka sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan aka ɗaure. Ya ce in ka ɗaure ƙafa tana rataye, da an sauke mota robar ta murɗe, haka za ta zauna a murɗe har ta yage. Na tuna yadda aka ɗaure na baya, na yi shiru.

Inda muka yi ja-in-ja shi ne zobban. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko in bar tsayin yadda yake in yi odar hannun sama na musamman da ake ƙerawa don motocin da aka ɗaga, wanda yake dawo da kasta ya kuma kauce wa sifirin, amma duk da haka dirabin shaf zai ci gaba da shan wahala. Ko kuma in sauko. Na ce, "Baba, tsayin nan fa shi na kashe wa kuɗi." Ya ce, "Tsayin da kake nema a ƙarƙashin aksil na baya taya ce take ba ka shi, ba zobe ba. Zoben wuri kawai yake buɗe wa taya." Na leƙa ƙarƙashin motar na ga gaskiyarsa: tulun aksil na baya yana nan inda tayoyi suka ajiye shi, bulon da aka sa bai ɗaga shi ko kaɗan ba. Canjin taya ya ƙara masa abin da bai kai inci ɗaya ba, kuma shi ke nan abin da ya samu. Na koma Panteka aka rage kaurin zobban zuwa inci ɗaya da ɗan kai, gaban ya zauna a inci biyu, abin da na nema tun farko.

Aka sake hawa kwamfuta. Kusar baya aka tura waje, ta gaba aka jawo ciki, boljoyin na ƙasa ya matsa gaba. Hagu 1.9, dama 2.1. Bayan an daidaita tsayuwar taya sannan aka taɓa tayarod a ƙarshe, don duk abin da ka juya a hannun ƙasa yana ɓata tsukewar tayoyi.

A baya ma ya samo abu biyu. Notocin da suka ɗaure sifirin da aksil sun saki, babu wanda ya sake ɗaure su bayan an sa bulo, don haka aksil ɗin yana ɗan motsi, bayan motar yana tuƙa kansa. Ya rage bulon ya daidaita da gaba. Sannan akwai wani bawul na birki a irin tawa, mai sanda da ta haɗa shi da aksil, wanda yake ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. Da aka ɗaga bayan, bawul ɗin ya ɗauka kullum motar wayam take, ko da masara ce cike. Ya yi masa ƙarin ƙarfe daidai tsayin bulon. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali daga baya, don na sauko da lodi daga gona a haka ba sau ɗaya ba.

Gwajin a hanyar Zariya muka yi, Baba yana gefe. Bayan Rigachikun na kai 100, ya ce in sassauta hannu. Ta miƙe. Na sha kwanar juyowa, sitiyari ya zame cikin tafina ya dawo tsakiya da kansa, abin da na manta mota tana yi. Na yi hamdala a fili. Ya ce bayan kilomita 500 in dawo a sake bin notocin baya, kuma takardar alaimen ɗin in ajiye ta tare da takardun mota.

Yanzu duk wanda ya tare ni a masallaci ko gidan mai yana tambayar inda aka ɗaga mini, tef nake fara ce masa ya saya, ya auna ƙafa huɗu ya rubuta kafin a kwance noti ɗaya. Ya kai ta kwamfuta tun tana tsayinta na asali, a ga ko kusoshin nan suna juyawa. In an ɗaga ta canza hali, kada ya sayi ko wasa sai ya ga lambar kasta a takarda. Yawanci suna gyaɗa kai, sannan su tambaye ni ko inci huɗu zai yiwu.

Daminar bana sau ɗaya na maƙale, shi ma a wani wuri da tarakta da kanta ta kwana. Bakanikena ya ga rak ɗin a sito kwanakin baya da ya zo duba janareta. Ya juya shi, ya ja sandar ya tura, ya ce, "Alhaji, wannan ai da sauransa, nawa za ka sayar?"