Abin da na koya daga tarihin Georges Vézina

Aikina a sashen wasanni na gidan rediyo ya haɗa da shirya ɗan gajeren shiri kan tarihin 'yan wasa, kuma da muka yanke shawarar leƙa wasannin da masu sauraronmu ba su saba da su ba, sai aka ba ni hoki na ƙanƙara, wanda ake bugawa da sanda da ɗan faifan roba mai tauri, wasan da mutanen Kanada suka riƙa kamar yadda muka riƙi ƙwallon ƙafa. Na zaɓi Georges Vézina, mai tsaron gidan ƙungiyar Montreal Canadiens, saboda har yau sunansa ne a jikin kyautar da NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, take bai wa gwanin masu tsaron gida kowace shekara.

An haife shi a garin Chicoutimi na lardin Kebek a 1887, ɗan mai gidan burodi. A farkon 1910 ƙungiyar Canadiens ta je garinsu wasan sada zumunci, ta sha kaye a hannun 'yan gari, kuma mai tsaron gidanta, Joseph Cattarinich, shi ne ya ba da shawarar a ɗauki saurayin da ya hana su sakat, duk da cewa gurbinsa zai gada. Daga ƙarshen wannan shekara har zuwa 1925, babu wanda ya fara wa Canadiens wasa a raga sai Vézina. Ya ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun hoki, da su a 1916 da 1924, kuma shi ne mai tsaron gida na farko a tarihin NHL da ya kammala wasa ba a zura masa ko ɗaya ba, a watan Fabrairun 1918, ranar da suka lallasa Toronto da ci 9 da nema. Fuskarsa a buɗe yake wasa, domin abin kare fuska bai zama kayan aikin masu tsaron gida ba sai bayan da wani mai tsaron gidan Canadiens, Jacques Plante, ya fara sa shi a 1959.

Darasin farko bai ba ni wahala ba. Mutum ne mai shiru, ba ya yawan magana da 'yan jarida, don haka wasu ne suka riƙa ba da labarinsa a madadinsa. Ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, Leo Dandurand, ya baza cewa Vézina yana da 'ya'ya 22, aka yi ta maimaita zancen shekara da shekaru, alhali 'ya'yansa maza biyu ne. Irin wannan ƙarin gishiri, da zarar mutum ya tambayi daga bakin wa ya fito da kuma abin da mai faɗin yake nema, yakan watse da kansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne adadin da babu ƙarya a cikinsa. Vézina ya buga wasannin gasa 327 a jere, da wasu 39 na zagayen neman kofi, bai yi fashin ko ɗaya ba. Duk inda aka ambace shi wannan adadi ne a gaba, kuma yana da daɗin faɗa a rediyo. Amma da na bi yadda ake gudanar da ƙungiyoyi a zamanin, sai na ga cewa galibi mai tsaron gida ɗaya tak kowace ƙungiya take riƙewa, har ma idan alƙalin wasa ya hukunta shi ya fitar da shi na 'yan mintoci, wani ɗan wasan fili ne yake tsayawa a raga. Ke nan rabin adadin juriyar Vézina ce, ɗaya rabin kuwa tsarin aiki ne wanda bai tanadi hutu ga mai ciwo ba. A ganina wanda ya faɗi rabin farko ya yi shiru a kan na biyu bai yi wa mai sauraro adalci ba, ko da kuwa duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Yadda jerin wasannin ya yanke shi ne ya tabbatar mini da haka. Ya zo atisayen kakar 1925 a rame, kowa yana gani, amma bai ce komai ba, aikin kuma bai tsaya ba. Ranar 28 ga Nuwamba, a wasan farko na kaka da Pittsburgh Pirates, ya shiga fili da zazzaɓi mai zafi, ya kammala zangon farko ba a ci shi ba, ya yi aman jini a ɗakin sauya kaya lokacin hutu, sannan ya sake ɗaura takalmansa ya koma raga, inda ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka gano tarin fuka ne, a lokacin da ba a samo maganin da yake kashe ƙwayar cutar ba tukuna. Ya koma Chicoutimi, ya rasu ranar 27 ga Maris, 1926, yana da shekara 39.

Ba na so in zalunci masu ƙungiyar, domin sun biya shi albashin kakar gaba ɗaya, kuma su ne suka ba da kyautar da take ɗauke da sunansa, wadda magajinsa a raga, George Hainsworth, ya fara lashewa. A 1945 Vézina yana cikin rukunin farko da aka shigar zauren karrama gwanayen hoki. Sai dai karramawar duk ta zo ne bayan jikin ya gama lalacewa, kuma shirun nan da ake yaba masa a matsayin natsuwa shi ne ya sa ciwon ya yi nisa kafin a duba shi.

Saboda haka na sauya tsarin shirin, na sa bayanin mai tsaron gida ɗaya tak kafin in ambaci 327, domin mai sauraro ya ji adadin tare da dalilinsa. Tun daga lokacin kuma, idan koci ya yi mini alfahari a hira cewa ɗan wasansa bai taɓa fashin wasa ba, tambayata ta gaba ita ce wane ne a benci zai iya maye gurbinsa, kuma yaushe rabon da likita ya duba shi.