Zanen da na bar wa iska a Gulbin Maraɗi

Ni tela ne, surfani nake yi, yau shekara 11 ina zaune a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Akwai lokacin da kaina ya toshe. Aiki kam ana samu, sai dai duk wanda ya shigo waya zai miƙo mini ya ce, "Maigida, irin wannan nake so." In duba, in kwafa, in ɗinka. Ranar da wani alhaji ya ajiye shaddarsa ya ce in yi masa duk zanen da raina ya so, kwana 3 na yi ina kallon yadin, ban iya ɗora alli a kansa ba.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo shi ya nuna mini hoton wani aiki a Amurka. Wani mutum mai suna Robert Smithson ya tara baƙaƙen duwatsu da ƙasa a bakin babban tafkin gishiri na jihar Utah a 1970, ya ja su cikin ruwa suna naɗewa kamar ɗinkin faifai, tsawon wajen mita 460. Ruwa ya shanye aikin shekaru da yawa, da fari ya zo ya sake fitowa. Ya kuma ba ni labarin wani Bature ɗan Ingila, Richard Long, wanda a 1967 ya yi ta kai da kawowa a cikin ciyawa har sawunsa ya fitar da miƙaƙƙen layi, ya ɗauki hoto ya tafi. Wanda ya fi taɓa ni kuwa a ƙasarmu yake. A cikin hamadar Tenere, inda jirgin saman kamfanin UTA na Faransa ya tarwatse a 1989 da mutum 170, iyalan mamatan sun je a 2007 sun jera baƙaƙen duwatsu a kan rairayi, babban da'ira da siffar jirgin a tsakiya, har daga sama ana ganinsa. Na ce a raina, yashi dai muna da shi, ba sai an saya ba.

Wata Juma'a cikin hunturu, bayan sallar asuba, na gangara gulbi da sanda da igiya. A wannan lokaci ruwa ya daɗe da janyewa, sai farin yashi shimfiɗe da sawun amalanke. Na ja dagi, irin wanda na ɗinka a wuyan riga sau ba adadi, amma wannan karon taku 20 kowane gefe. Ya karkace. A kan yadi ido yana ganin zane duka a lokaci guda, a kan yashi kuwa kana cikin zanen ne, abin da ke gaban ƙafarka kaɗai kake gani. Sai da na hau gaɓa na duba sannan na ga inda na kauce.

Ban gama gyara ba sai ga wani dattijo ya fito daga lambunsa da kwasa a kafaɗa. Ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Samari, lafiya? Bugun ƙasa kake yi mana a bakin gona?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Wallahi Baba ba duba nake ba, ni tela ne, zane nake gwadawa." Bai gamsu ba sai da na nuna masa aikin da ke gaban rigata, ya dubi rigar, ya dubi yashin. Ya ce to, amma gobe in zan zo in fara biyowa ta wurinsa, don kada yara su gani su kai labarin da ba shi ke nan ba. Gaskiyarsa. A wurinmu mutum shi kaɗai da sassafe yana zane a ƙasa, ba ado ne zai fara zuwa zuciyar mai wucewa ba. Tun daga ranar ban sake ja ko layi ɗaya ba sai na yi sallama da masu wurin.

Mako na biyu na so in sa launi. Gawo yana zubar da 'ya'ya a rani, masu ruwan ɗorawa, a nannaɗe, kuma a kan farin yashi suna da kyau ƙwarai. Na cika buhu daga gindin wani gawo na jera su. Nan ma Baba ya tsayar da ni, wannan karon da ɗan faɗa. 'Ya'yan gawo abincin dabbobi ne, mata da yara suna tsinta su kai gida ko kasuwa, kuma itacen yana cikin gonar wani. Manoman yankin nan sun sha wahala kafin itatuwan su dawo, tun sassaben zamani da aka fara a shekarun 1980, inda ake barin tohon kututture ana yi masa aski har ya zama itace. Abin da na ɗauka banza ne a ƙasa ashe da mai shi. Na mayar da buhun. Daga baya sai na koma ga abin da ba mai nema: ƙwallon goriba da aka gama gwigwiya, tokar murhu, busasshen ganyen bedi, da ɓaraguzan jar marmara daga gefen hanya.

Amma abin da ya canza mini aiki ba launi ba ne, inuwa ce. Na lura in na ja kunya da sassafe, rana tana ƙasa-ƙasa, kowane tudu yana da baƙin gefe, zanen ya fito raɗau kamar an zuba masa tawada. Kafin hantsi ya ɗaga sosai ya fara dushewa, da azahar kuwa sai ka tsaya a kansa ba ka gan shi ba. La'asar sakaliya ya dawo, inuwar ta koma ɗaya gefen, ya zama kamar wani zane dabam. Yashi ne a kan yashi, launi ɗaya, tudu da kwari kawai. Na zauna a gaɓa ran nan tun safe har magariba ina kallon abu ɗaya yana sauya kama, ban buɗe shago ba.

Akwai ƙananan dabaru da na tsinta a hanya. In ka tona kamu ɗaya za ka tarar da yashi mai danshi, ya fi duhu, yana riƙe siffa har ya bushe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, layin da ya gitta mata shi take fara cikewa. Naɗin faifai kuwa Baba ne ya warware mini shi, shi da ya fara zargina. Ya ce in dubi akuyar da aka ɗaure a turke, yadda take zagaye igiya tana naɗewa har ta matso gindi. Muka kafa wani tsohon turmi a tsakiya, na ɗaura igiya, na riƙe sanda a bakinta ina zagayawa. Igiya tana naɗe turmin, layi yana shigowa ciki da kansa, tazara daidai wa daida.

Da na koma kan shaddar alhajin nan, farar shadda ce, sai na ɗauko farin zare. Yaron shagona ya ce, "Maigida, ai ba za a gani ba." Na cika ɗinkin ya yi tudu a wasu wurare, na kwantar da shi a wasu, na bar fili mai yawa babu komai, abin da da nake jin tsoro don kada a ce na yi ƙwauron aiki. A cikin shago rigar shiru take. Da alhajin ya fita da ita bakin ƙofa rana ta bugi ƙirjinta, ya tsaya yana jujjuyawa, bai ce komai ba, ya sa hannu aljihu. Bayan sati ya aiko da yadi 2.

Babu ko ɗaya daga zanen da na yi a gulbi da ya kwana 4. Wani iska, wani jajayen awaki, wani amalanken masu ɗibar yashi. Da fari abin yana ci mini rai, ina ta ɗaukar hoto. Baba ya ce mini a wannan kwarin tsohon garin Maraɗi yake kafin ambaliyar 1945 ta sa mutane suka hau tudu, wurin da ya ci gari ba zai bar mini zane ba. Na ƙarshe da na yi bana, naɗi ne mai zagaye 9, jikokinsa 3 suka taya ni jera ƙwallon goriba. Da ruwan farko ya sauko daga wajen Jibiya, Baba ya kira ni a waya ya ce gulbi ya kawo, ya ajiye mini turmin a bukkarsa sai kaka.